Shaidu Biyu, Baki Ɗaya

Tun kafin direban motar Zurmi ya gama taka birki Malama Lauratu ta buɗe ƙofa ta diro. Ta ratsa tashar Kaura Namoda kamar wadda aka aiko da sammaci, hannunta na dama a dunƙule. Abin da ke cikin hannun bai kai ɗan yatsa tsawo ba. Filashin kwamfuta ne baƙi, da koren zare ɗaure a wuyansa. A cikinsa ya kamata a ce akwai sunaye da hotunan 'yan mata sittin da uku, 'yan ajin ƙarshe na makarantar al'umma da take koyarwa a Zurmi. Gobe Alhamis da ƙarfe huɗu na yamma hukumar jarrabawa za ta rufe shafin rajista a intanet. Duk yarinyar da sunanta da hotonta ba su shiga ba, sai baɗi.

Wata biyu ta yi tana haɗa hotunan nan. Akwai uban da sai da ta yi masa sawu uku kafin ya yarda a ɗauki hoton 'yarsa. Ga shi yanzu an yi hutu, yara sun watse ƙauyuka.

Shagon Muhtari na bayan tashar jirgin ƙasa, da allo a kan ƙofa an rubuta MUHTARI MAI SHAIDU BIYU. Ɗan kawunta ne, taubashinta, kuma shi ne wanda duk mai kwamfuta daga Kaura zuwa Zurmi ke kai wa kuka. Sunan ya samo asali ne daga yadda yake aiki. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a shekara takwas da suka wuce, kowa ya haddace cewa alƙali ba ya yanke hukunci da shaida ɗaya. Muhtari ya ɗauki wannan ya kawo shago. Kwamfuta biyu ya jera a kan teburi, kowace da nata antibairos, wato manhajar da ke farautar cutar kwamfuta. Sunayensu na Turanci sun fi ƙarfin harshen mutane, sai ake kiran su da hoton da ke jikin kwali: ɗaya Mai Giwa, ɗaya Mai Shaho. Duk filashin da ya shigo sai Giwa ta duba shi, Shaho ya duba shi. In duka biyun suka wanke shi, sai Muhtari ya ɗaura masa koren zare. Mai koren zare ba ya tsoron kowace kwamfuta.

Yana ganin ta ya washe baki. "A'a, yau ga baiwata da kanta! Halan kewar ubangidanki ta hana ki zama Zurmi?"

Ta buga filashin a kan teburi har kofin shayinsa ya yi tsalle.

"Saka shi."

"Ko gaisuwa babu? Ina Gwaggo?"

"Muhtari, wallahi in ka sake yi mini wasa yau sai ka raina kanka. Saka shi na ce."

Murmushin ya gudu. Ya ɗauka ya soka a kwamfutar Giwa. Foldar da ta sa wa suna Rajista tana nan, amma da ya danna, ba abin da ya buɗe. Ya sake dannawa. Shiru.

"Ran Litinin na kawo maka shi ka daidaita mini girman hotuna," in ji ta. "Ka duba, ka ɗaura zarenka, ka ce in tahi da gaba gaɗi. Yau da sahe na saka shi a kwamfutar makaranta in gyara sunan yarinya guda. Guda ɗaya tak! Nan take komai ya ɓace. Na ce bari in ɗauko kwafin da ke cikin kwamfutar, shi ma ya bi ɗan uwansa. Kwamfutar tana can tana kunna kanta tana kashe kanta kamar mai farfaɗiya."

"To ai kin faɗi da bakinki. Daga kwamfutarku cutar ta hito."

"Kwamfutar da tun da anka saye ta ba filashin da ya taɓa shiga in ba wanga ba? Ni ka riƙe da makullin ɗakin!"

"Lauratu, shaidu biyu hwa. Ba ɗaya ba."

"To kira su su sake ba da shaida ina gani."

Ya sa Giwa ta duba. Wani layi shuɗi ya yi ta tafiya a kan allo har ya kai ƙarshe. Fayil ɗari huɗu da goma sha biyu, babu cuta, sai dai ta yi jan alama a kan fayil guda. Ya zare ya soka a kwamfutar Shaho. Layi ruwan goro ya yi tasa tafiyar. Fayil ɗari huɗu da goma sha biyu, babu cuta, sai jan alama a kan fayil guda.

Muhtari ya buɗe hannuwa. "Kin gani? Bakinsu ɗaya."

Lauratu ba ta kalle shi ba. Idonta na kan jan alamar. "Wane fayil ne wancan da suke zargi?"

"Bar shi, ba komai ba ne. Ɗan abin rubuta Larabcin nan ne da na saka miki bara waccan. Lafiyarsa lau, shekara shida ina buga katin ɗaurin aure da shi. Ƙarya suke yi masa."

"Su duka biyun ke yi masa ƙarya?"

"I mana. Da can Giwa kaɗai ke ƙorafi a kansa, Shaho bai taɓa kula shi ba. Tun bayan babbar Sallah da na saka sabbin faifai ne Shaho ma ya kama."

Ta ja kujera ta zauna a hankali. Shekara goma sha ɗaya tana makin takardun jarrabawa, kuma babu ɗalibar da ta taɓa satar amsa a ajinta ta sha. Ta san abu ɗaya. In yara biyu suka kawo amsa daidai iri ɗaya, ba komai, wataƙila duka sun yi karatu. Amma in suka kawo kuskure iri ɗaya, a wuri ɗaya, to ɗaya ce ta leƙa takardar ɗaya.

"Muhtari, shaidunka satar amsa suka yi."

"Mi?"

"Kuskurensu ɗaya. Ɗauko mini kwalayen. Tsoho da sabo."

Ya tsaya yana kallonta, sannan ya sunkuya ƙarƙashin teburi ya jawo kwali huɗu. Ta juya bayansu ta jera. A tsofaffin, ƙananan rubutun da ke can ƙasa sun nuna kamfani biyu, gari biyu, ƙasa biyu. A sababbin, adireshi ɗaya ne, titi ɗaya, lambar gida ɗaya. Ta ɗora yatsa a kai ta tura masa.

Ya karanta. Ya sake karantawa. Ya zaro waya ya kira Alhassan, dilan da ke kawo masa faifai daga Gusau, ya buɗe lasifika.

"Ranka ya daɗe Mai Shaidu Biyu! Kaya sun ƙare ne?"

"Alhassan, mi na ke gani bayan kwali? Giwa da Shaho gida ɗaya suke?"

Aka yi dariya a ɗaya ɓangaren. "Au, sai yau ka gani? Ai tun bara kamfanin Giwa ya saye na Shaho. Sun sallami masu aikin Shaho, sun zuba injin Giwa a ciki. Riga ce kawai daban, mutanen da sunka saba da hoton tsuntsu kada su gudu. Ɗanjuma ne da Ɗanjummai."

"Ka sani?"

"Kowa ya sani a kasuwa."

"Ka san yadda nake aiki! Ka san don mi nake sayen biyu! Mi ya hana ka gaya mini?"

"To ka tambaye ni? Kai ka ce in kawo maka biyu, na kawo maka biyu. Ko akwai wanda na kawo maka na jabu?"

Lauratu ta fizge wayar. "Malam, sunana Lauratu, malamar makaranta. Yara sittin da uku na shirin rasa shekara guda saboda abin da ka sani ka yi shiru. Ba ni da lokacinka yau. Amma ka rubuta sunana ka ajiye." Ta kashe ta jefa wa Muhtari.

Muhtari ya juya ya dubi kwamfuta ta uku da ke lungu, wadda yake gyaran hotuna da ita. Ba sai an gaya masa ba. Cutar da Giwa ba ta gani, Shaho ma ba zai gan ta ba. Tana zaune a shagonsa wata da watanni, tana hawa duk filashin da ya shigo, shi kuma yana bi yana ɗaura mata zare.

"Innalillahi," ya ce. "Ofishin noma na Zurmi. Asibitin nan mai zaman kansa. Lauyan..."

"Ka lissafa su jibi. Yau yarana. Wa ke da wani antibairos ɗin da ba na gidan nan ba?"

Ya kawar da kai ya shiga tattara kwalayen.

"Muhtari!"

"Jaji. A Shinkafi."

Ta gane dalilin noƙewarsa. Jaji tsohon abokin aikinsa ne, tare suka koyi gyara, suka rabu ba daɗi. Shi daga Maraɗi yake sayo kayansa, antibairos ɗinsa da Faransanci yake magana, da hoton bushiya a kwali. Muhtari ya taɓa tsayawa a gaban jama'a wajen wani bikin suna ya ce Jaji shaida ɗaya gare shi, shi ma ba ya jin Hausa ba ya jin Turanci. Maganar ta zaga gari uku.

"Kira shi."

Ya kira. Matar Jaji ce ta ɗauka, ta ce ya ƙetara Maraɗi sayen kaya, sai gobe da safe zai dawo saboda kasuwa.

Lauratu ta kwana a gidan kawunta ba tare da ta ce wa Muhtari uffan ba. Da gari ya waye ya fito da babur ɗinsa, amma ba halin ta hau. Tun zuwan Shari'a mace ba ta hawa bayan namijin da ba muharraminta ba, kuma 'yan Hizba ba ruwansu da taubasantaka. Shi ya wuce a babur, ita ta koma tasha. Motar Shinkafi ta cika da maza tun ƙarfe takwas, amma kujerar baya ta mata ce, kuma direba ya rantse ba zai tashi ba sai ta cika. Ta zauna tana kallon agogo tana cizon leɓe. Tara ta yi. Tara da rabi. Sai da wasu mata uku masu tallar daddawa suka iso sannan aka ɗaga. A Moriki aka tsaya aka ɗaura buhunan gero a kan rufi, ta ji kamar ta sauka ta tura motar da hannunta.

Sha ɗaya da kwata ta shiga kafen intanet na Jaji, ɗaki guda kusa da bakin kasuwa, da kwanon tauraron ɗan Adam a kan rufi. Ta tarar da Muhtari tsaye kamar ɗalibin da aka kora waje, Jaji kuma a zaune ya harɗe ƙafa yana ɓare goro.

"Sannu da zuwa Malama," in ji Jaji. "Ga mai gida nan tun ɗazu yana ta yi mini bayani, ni kuwa kunnena bai da kyau. Muhtari, sake faɗi. Shaidu nawa ka ce gare ka?"

"Jaji, don girman Allah."

"A'a, ina so in gane ne. Ni da nake da ɗaya, wanda ba ya jin Hausa..."

Lauratu ta ajiye filashin a gabansa. "Malam Jaji, duk abin da ya ce maka ya cancanci ka rama, kuma zan taya ka. Amma ko awa biyar ba ta rage mana ba. In kuna da dambe ku bari sai bayan la'asar."

Jaji ya dube ta, ya dubi agogon bango, ya ajiye goron. Ya soka filashin. Ko minti ɗaya ba a yi ba kwamfutar ta yi wata ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa, allo ya cika da jan rubutu.

"Ga ta nan," in ji shi. "Tsutsa ce. Ba sharewa take yi ba, ɓoyewa take yi, sai ta riƙa cin hotuna ɗaya bayan ɗaya tana kwanciya a wurinsu. Sau nawa kunka buɗe shi tun jiya?"

Muhtari ya sunkuyar da kai. "Kamar sau shida."

"To kowace buɗewa sai da ta ci."

Lauratu ta rufe ido ta kama gefen teburi.

Jaji ya kashe tsutsar ya shiga tono. Fayiloli suka fara dawowa. Jerin sunaye ya fito cif, sittin da uku. Hotuna kuwa suka riƙa bayyana ɗaya-ɗaya, fuskoki cikin farin hijabi, tana ƙirgawa a bayyane. Hamsin da bakwai. Hamsin da takwas. Hamsin da tara. Sai aka tsaya. Huɗu sun zama toka-toka kamar bangon da ruwa ya wanke.

Ta duba lambobinsu a jeri. Zulaihat, 'yar nan cikin garin Shinkafi. Suwaiba da Khadija, 'yan Moriki. Sai Hindu Hammadu, 'yar Fulanin da rugarsu ke gaba da Jangeru, wadda ta fi kowa lissafi a makarantar, wadda mahaifinta ne ta yi wa sawu uku.

"Intanet ɗina ba gudu gare shi ba," in ji Jaji. "Kowace yarinya sai ta ci minti uku. In na fara yanzu ban tsaya ba, sai kusan huɗu saura."

"Fara. Kana da kyamara?"

Ya miƙo mata wata 'yar ƙarama. Ta rataya a wuya ta dubi Muhtari. "Kai, biyo ni. Ɗauko farin ƙyallen can."

Allah ya taimaka ranar kasuwa ce, duk ƙasar ta zubo Shinkafi. Gidan su Zulaihat suka fara zuwa, suka same ta tana daka. Aka wanke fuska, aka ari hijabin uwa, Muhtari ya riƙe ƙyalle a bayanta, ƙyas, aka ɗauki hoto. Daga nan suka nufi wajen mai shela a bakin tasha, wanda ke cigiyar yara da awaki da lasifika. Lauratu ta rubuta masa sunaye uku.

"Jama'a ku saurara! Ana cigiyar iyayen Suwaiba da Khadija 'yan Moriki, 'yan makarantar Zurmi! Ana cigiyar Hammadu na rugar Jangeru, uban Hindu! Malamarsu na nan tsaye! Ba rasuwa ba ce, jarrabawa ce!"

Aka yi sallar azahar ba wanda ya zo. Ta sa ya maimaita har muryarsa ta dushe. Ɗaya da rabi ta wuce sai ga Suwaiba a guje, hannunta duk man gyaɗa, tare suka zo kasuwa da uwarta. Ita ce ta ce Khadija na gida Moriki, amma yayanta direban mota ne, yana da waya. Aka kira, aka roƙa, aka yi faɗa. Ƙarfe biyu da minti goma motar yayan ta tsaya, Khadija ta fito da takalmi wari da wari. Ƙyas.

Saura Hindu.

Lauratu ba ta ƙara jiran shela ba. Ta kutsa kara, inda ake cinikin shanu, wurin da mata ba su cika shiga ba, tana ratsa ƙaho da igiya tana tambaya. Can ƙarshe ta hango shi, dogo, da malfa da sanda a kafaɗa.

"Baba Hammadu! Ina Hindu?"

"Malama? Lafiya? Tana ruga."

Ta yi masa bayani cikin numfashi uku. Fuskarsa ta ɗaure.

"Hoto kuma? Ba an yi ba? Ke kin ce mini sau ɗaya ne."

"An yi, Baba. Na'ura ta cinye."

"Na'ura na cin hoto?"

"Wagga ta ci. Nisan rugar fa?"

"A babur, in an ƙetare yashin gulbi lafiya, kusan awa."

Ta dubi agogo. Biyu da minti ashirin da biyar. Muhtari ya miƙo hannu ya cire kyamarar daga wuyanta, ya ruga kafe aka sauke hotuna ukun, ya dawo a kan babur.

"Baba hau. Lauratu, minti arba'in zuwa, arba'in dawowa. Na yi miki alkawari."

"Kada ka yi mini alkawari. Tahi kawai."

Ta koma kafe ta zauna kusa da Jaji. Yana shigarwa tana karanto suna. Sau biyu intanet ya yanke, sau biyu ya dawo. Ƙarfe uku da rabi sun kai hamsin da biyar. Janareta ya yi tari, Jaji ya fita da gudu ya ƙara masa mai. Huɗu saura minti tara aka shigar da Khadija, ta sittin da biyu. Jaji ya buɗe gurbin Hindu ya cike komai, suna, ranar haihuwa, darussa. Ya bar akwatin hoto fanko. Ya gwada turawa haka, shafin ya ƙi.

Ta fita ƙofa ta leƙa hanyar Jangeru. Jakuna, amalanke, masu komawa gida. Ta kira wayar Muhtari, ba sabis. Ta dawo.

"Malama," Jaji ya sassauta murya, "in ba ki shawara? Mu ɗauki hoton wata mu ɗan duhunta shi mu saka. Duk hijabi ne fari. Wa zai gane?"

"Mai duba jarrabawa zai gane. Ran da ya ɗaga katin ya dubi fuskarta, za a fitar da ita gaban 'yan uwanta a ce ta yi sojan gona. A riƙe sakamakon makarantar gaba ɗaya. In ceci ɗaya in kashe sittin da biyu?"

"To ai shawara ce."

"Na ji. A'a."

Huɗu saura uku. Saura biyu. Ta tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Duk ƙarar babur da ta ji sai ta leƙa hanya. Da ladanin masallacin kasuwa ya ɗaga murya, ta ji Jaji ya ja dogon numfashi a bayanta. Ta juya. Shafin ya sauya, wani rubutu ya fito a tsakiya: an rufe rajista.

Ba ta yi kuka ba. Tunani ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Wasu mutane da ba ta taɓa gani ba sun zauna a wata ƙasa sun haɗa kamfani biyu, sun ga cewa riƙe ma'aikata kashi biyu asara ce, sun bar hoton tsuntsu a kwali don kada kowa ya farga. Ba su san akwai wani gari Jangeru ba, kuma ba za su taɓa sani ba.

"In gaya miki wani abu?" in ji Jaji yana kashe allo. "Jiya a Maraɗi na ji ana cewa kamfanin nan na Giwa yana zawarcin Bushiya ma."

"To ka fara neman wani tun yanzu. Kuma ka riƙa karanta bayan kwali."

Huɗu da minti goma sha bakwai babur ya tsaya da ƙarfi a ƙofa. Muhtari ya diro, wandonsa jiƙe har gwiwa, gwiwar hannunsa na jini. Ya shigo yana ɗaga kyamara sama.

"Ga shi! Ga shi! Yashi ne ya riƙe mu, sai da munka ɗauki babur a ka. Jaji saka!"

Ba wanda ya motsa. Ya dubi allon da aka kashe, ya dubi agogon bango. Hannunsa ya sauko a hankali. A ɗan gilashin kyamarar ana ganin Hindu tsaye a gaban farin ƙyalle, ta ɗan karkata kai, tana ƙoƙarin hana kanta dariya.

Hammadu ya shigo a bayansa ya jingina sanda. "To Malama, an samu?"

Lauratu ta dubi Muhtari. "Gaya masa."

"Lauratu..."

"Da bakinka. Kai ka ɗaura zaren."

Muhtari ya durƙusa a gaban dattijon. "Baba, mun makara. Hindu ba za ta zauna jarrabawar bana ba. Laifina ne. Na ce na duba abu, ashe ban duba ba."

Hammadu ya ɗauki sandarsa. "Shi ke nan. Allah bai nufa ba. Dama na ce wagga ce shekarar ƙarshe. Da an gama girbi shanu za su yi kudu, kuma duk wanda ke gidana da su zai tahi."

Lauratu ta sha gabansa a bakin ƙofa. "Baba, Allah bai hana Hindu komai ba, mutane ne sunka yi sakaci. Ba ni ita shekara guda. Ta zauna gidana a Zurmi, ta ci abin da nake ci, ta kwana ɗakin 'ya'yana. Baɗi da hannuna zan shigar da sunanta, ranar da anka buɗe shafin, ba ranar rufewa ba."

"Haka kika ce bara, Malama. Kin ce shekara guda."

"Na ce. Yanzu ma ina ƙara cewa. Sawu uku na yi maka a kan hoto. A kan wannan ko talatin ne zan yi."

Dattijon ya dube ta, ya dubi mutumin da ke durƙushe har yanzu. Ya gyara malfa.

"Ni ba ni da ta cewa a kan kwanan yarinya a gidan wani. Maganar uwarta ce. Kuma uwarta ta fi ni tauri."

"Tana ruga yanzu?"

"Tana can."

Lauratu ta saɓa jakarta ta fita. A bakin tasha wata tsohuwar a-kori-kura ta Jangeru na shirin tashi, mata sun cika baya da ƙwarya da buhuna. Ta ɗaga hannu tana gudu.

"Direba! Tsaya! Akwai mutum ɗaya!"